Yaji Ya Ƙare

Asabar, 4 ga Rajab 1366

Wata biyu ke nan da na jingina tukubata da bangon gidan gahawar Wada a unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki. Ni tsire da gasasshiyar kaza, matata Hadijatu wake da miyar kuɓewa irin wadda ta koyo a kudancin Sudan muna hanya. A ɗakin baya Wada ke kaɗa garaya bayan la'asar, mutanenmu su ci su saurara. In masu sanda suka ji, za a fasa garayar, a rufe mu, Wada kuwa ba takarda, sai jirgin Jidda. Shi ya sa in na ga baƙuwar fuska nake ɗaga murya: "Hadijatu, yaji ya ƙare!" Sai ciki ya yi tsit.

Litinin, 6 ga Rajab

Wani saurayi ya zo. Baƙi kamarmu, amma farar riga tas, bakinsa Larabci zalla. Na yi kiran. Ya zauna a tabarmar da ke manne da bango, duk faɗin wurin nan! Tsinke biyu ya ci.

Alhamis, 9 ga Rajab

Ya dawo. Wai Yunus, daga unguwar Tandabawi. Wa ke tako ƙafa daga Tandabawi a zafin nan don tsinke biyu? Yana tauna, kunnensa na bango. Ni za a yi wa wayo?

Litinin, 13 ga Rajab

Wada ya ce na kashe masa kasuwa, kullum yana farawa ina katsewa. Na ce to ya fito ya tsaya a bakin wuta ya ga idon yaron. Hadijatu ta ce, "Malam, kai ko kyanwa ta gifta sai ka ce 'yar rahoto ce."

Talata, 14 ga Rajab

Ban yarda da yaron nan ba, wallahi.

Juma'a, 17 ga Rajab

Yau ya kama ni. Ina rufe baki ya leƙa kwanon, ga yaji tuli. Da wata Hausa duk a karye ya ce, "Ya ammi, kullum ni zo, yaji ƙare?" Ammi, wato baffa da Larabcinsu. Na ce iri biyu ne.

Sai ya koma Larabci. Wai ubansa Bakatsine ne, da ƙafa ya zo, yana da garaya a ƙarƙashin gado, bai taɓa kaɗawa a gabansu ba don tsoro. Ya rasu a Safar. Wai ran nan yana wucewa ya ji sautin ta bango, kafin ya zauna ya ɗauke. "So nake in ji abin da babana yake ɓoyewa, shi ke nan."

Ɗan rahoto ma ai ya iya tsara magana. Amma tsiren ya huce a hannunsa bai sani ba. Na tausaya masa, kuma na ji haushin kaina da na tausaya.

Asabar, 18 ga Rajab

Ban gaya wa Wada ba. In ƙarya ce, shi za a sa a jirgi, ba ni ba.

Lahadi, 19 ga Rajab

Yunus ya zo Wada na tsakiyar kiɗa. Hadijatu ta dube ni, na duƙa ina juya kaza, ban yi kiran ba. Hayaƙi ne ya shaƙe ni, ba wani abu ba.

Ya zauna har aka kira magariba, ya rufe fuska da gefen mayafinsa. Har yanzu ina leƙen bakin lungu. Ba wanda ya zo tukuna.

Na ƙara masa tsinke ɗaya. Dama ya kusa ƙonewa.