Akwatin da Zulkifli Ya Bari

Farin Dutse, Gwaram
4 ga Mayu

Zuwa ga 'yata Nasiha,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Munzali da yara. Mu nan lafiya, in ban da ciwon gwiwa da zafin bazara. Innarku tana gaishe ki.

Na san za ki yi dariya ki ga takarda daga mutumin da yake da intanet a ɗakinsa. Yi dariyarki. A waya kunnena ba ya kama rabin abin da ake faɗa, kuma da na fara magana sai ku katse ni. Takarda ba ta katse mutum. Na ba Yunusa direba, ya ce zai ajiye miki a makarantar da kike koyarwa.

Maganar akwatin intanet ɗin nan ce da yayanki Zulkifli ya kafa mana kafin ya koma Jidda. Watannin da ya biya sun ƙare tun bara. Tun daga nan daga fanshona nake aiko miki kina kai wa Badaru, wakilin kamfanin a Birnin Kudu. Yanzu sun sake turo saƙo, wai sun ƙara kuɗi domin inganta aiki. Na karanta da Turanci, na karanta da Hausa, ban ga inda aikin ya inganta ba. Hadari ya taso, fitilar akwatin ta koma ja. Iska ta kaɗa, ja. Batirin sola ya yi sanyi, ja. Na kira lambarsu, wata murya ta ce in danna ɗaya, in danna uku, sannan ta sa mini kiɗa har katina ya ƙare. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da 'ya'yan mutane, wasunsu ma yanzu suna zaune a ofisoshin irin wannan kamfani. Ban taɓa sa wa ɗayansu kiɗa ba don ya ɗaga hannu.

Ga samarin unguwa. Yaro ya zo ya durƙusa ya ce, "Malam, a taimaka da lambobin sirrin," alhali da ubansa kuke haɗa sahu a masallaci, ka ce masa me? Dakalina ya zama tasha. Suna kallon ƙwallon Turawa, ni ina biya.

Duk wannan zan iya jurewa da a ce abin yana yin aikin da aka kawo shi dominsa. Zulkifli ya ce don Innarku ya kafa, ta riƙa ganinsa. Kowace Juma'a bayan la'asar yana kira ta bidiyo. Da lokacin kiran ya ƙarato, sai Innarku ta ja mayafinta ta fita daga ɗakin. Na san ɗan fari ne, na san Fulanin gidansu ba sa kallon ɗan fari, ba sa kiran sunansa. Ni na zubar da wannan tun ina kwalejin horon malamai, ita ta riƙe. To, ta riƙe abinta. Amma sai a bar ni ni kaɗai da shi, muna kallon juna. Na sayar da gonar fadama ya karanta injiniya, ƙasar nan ta kasa ba shi aiki, ga shi can yana gyara wa Larabawa wayar lantarki. Ya ce, "Baba, ya jiki?" Na ce da sauƙi. Na ce, "Ya aiki?" Ya ce da godiya. Sai hoton ya daskare bakinsa a buɗe. Wannan hirar ce nake saye kowane wata.

Damina ta ƙarato, taki nake bukata. Idan watan nan ya ƙare, kada ki sake kai wa Badaru komai.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi Buba


Birnin Kudu
9 ga Mayu

Zuwa ga Babana abin alfaharina,

Amin wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Khuzaima da ƙannenta suna gaida kakansu. Khuzaima ta ce in tambaya ko har yanzu ana gyara wa mutane rubutu da jan biro a Farin Dutse, domin ta ji tsoron saka tata takardar a ciki.

Na karanta saƙonku a ɗakin malamai, na yi dariyar da kuka ba ni izini, daga baya kuma jikina ya yi sanyi.

Na je shagon Badaru. Na same shi da mutane a kansa, kowa da irin kukanku. Ya rantse shi ma daga sama ake turo masa farashin. Amma ya ce akwai ƙaramin tsari mai sauƙin kuɗi, zai ishi kiran Juma'a idan ba a raba shi da 'yan kallon ƙwallo ba. Ya ce zai iya canza lambobin sirrin daga nan. Idan samarin sun zo, sai ku ce kamfani ne ya canza, ku ma ba ku san sababbin ba.

In kuma hakan bai yi ba, Baban Khuzaima ya ce a bar masa biyan. Da bakinsa ya faɗa, ban roƙe shi ba.

Abu ɗaya nake so in tambaya, ku gafarce ni. Kun yi maganar da Inna kuwa? Na san ba ta zama a ɗakin. Amma Inna ba ta taɓa zama a inda abu yake damunta ba. Ranar da Yaya zai tafi, kowa yana bakin mota, ita tana bayan gida tana wanke tukwanen da aka riga aka wanke.

A gaida ta, a gaida Goggo Jummai. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarku mai biyayya,
Nasiha


Farin Dutse
15 ga Mayu

Nasiha,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso. Ki ce wa Khuzaima jan birona ya bushe tun shekarar da gwamnati ta manta da mu, ta aiko da tata ba fargaba.

Ba zan tsaya a ƙofar gidana, da furfurata, in yi wa 'ya'yan maƙwabta ƙarya da sunan kamfani ba. Su can ƙarya sana'arsu ce, ana biyansu. Kuma ki gode wa Malam Munzali. Ban kai ga suruki ya saya mini hira da ɗana ba.

Kin ce in tambayi Innarku. Na tambaya. Na same ta tana shara, na ce, "Innar Nasiha, zan kashe akwatin nan."

Ta ce, "Ai naka ne."

Na ce, "Ba kya son ganin yaronki?"

Ta ce, "Wane yaro? Ni ina da yaro mai gemu?" Ta ci gaba da shararta, har ta ce in ɗaga ƙafa.

Kin ji amsar da kika ce in nemo. Shekara da shekaru muna tare da matar nan, ko a suna, da sunanki ake kiranta, an tsallake nasa kamar ba a haife shi ba. Wanda ba a iya kallo a tsakar gida, ba za a kalle shi a cikin gilashi ba. Zulkifli ya yi zaton na'ura za ta gyara abin da boko ya kasa gyarawa. Ni ma na taɓa yin irin wannan zaton game da abubuwa da yawa a ƙasar nan.

Magana ta ƙare. Ki sanar da shi ta wayarki, ke da kike birni.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi


Birnin Kudu
3 ga Yuni

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan an tashi lafiya, da fatan ruwan farko ya sauka a wajenku kamar yadda ya sauka mana.

Na bi umarninku. Wata ya ƙare ban je wurin Badaru ba. Na san yanzu fitilar ta tsaya a ja.

Na gaya wa Yaya Zulkifli. Ya ce ba komai, Baba ya fi mu sanin halin gida. Ya ce da kansa zai biya idan an ba su albashin da aka riƙe musu, amma bai san yaushe ba. Ya gwada kiranku ta layin waya, kun san sabis ɗin garinmu, sai an hau tudun makabarta.

Akwai abin da ya faɗa da ya hana ni sukuni. Ya ce in yi muku godiyar zuma da citta da kanumfari da Hajiya Ummussalma ta kai masa lokacin da ta je Umara. Ya ce ya yi wata biyu yana fama da tari saboda ƙurar ginin da suke aiki, bai gaya wa kowa ba don kada hankali ya tashi, yana ta danne shi idan kuna hira. Ya ce, "Ashe Baba ya lura."

Baba, wannan ƙullin ta hannuna ya bi. Inna ce ta ba ni kafin azumi, a baƙar leda. Ta ce, "Kai wa Hajiya, akwai wani a can mai tari." Ban tambaye ta komai ba, domin na ɗauka ku kuka gaya mata. Shi kuma ya ɗauka ku kuka aika. Ni ban san tarin ya yi tsanani haka ba sai yanzu.

Ku ne kuka gaya mata?

Ban ce a canza komai ba. Tambaya ce kawai. Allah ya ba da damina mai albarka.

'Yarku,
Nasiha


Farin Dutse
15 ga Yuni

Nasiha,

Wa alaikumus salam. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Na jinkirta amsa ne don ban san abin da zan rubuta ba, abin da bai saba faruwa da ni ba.

Ban gaya mata ba. Ban ji wani tari ba. Ina kallon fuskarsa kowane mako, ina lissafin abin da ya zama da abin da ya kamata ya zama, ban ji ba.

Ranar Juma'ar da ta bi takardarki, na dawo daga la'asar na zauna a ɗaki. Sabo ne ya zaunar da ni. Dakali fayau, samarin sun koma gindin wata bishiya da aka ce sabis yana sauka. Sai na ji ana ɓarar gyaɗa a bayan tagata. Na san wannan ƙarar. Kowace Juma'a ina jin ta kafin waya ta yi ƙara, ban taɓa tambayar kaina me ya sa take ɗaukewa da zarar Zulkifli ya yi sallama ba.

Na leƙa. Innarku ce a kan tabarma, ta jingina da bango, daidai ƙasan tagar. Kin san wajen, yamma yake kallo, babu inuwa ko ta tsinke, bangon da zafi kamar tanda a wannan lokacin. Ga inuwar darbejiya a tsakar gida ta bari. Ƙasar wurin ta yi sumul saboda zama. Ba ta ɗago ba. Ta ɓare gyaɗar nan har aka kira magariba, ta naɗe tabarma ta shiga.

Juma'ar shekaranjiya ma ta zo. Wannan karon na yi magana ta tagar. Na ce, "Innar Nasiha, rana fa."

Ta ce, "Gyaɗar ce ke son rana."

Na ce, "Akwatin a kashe yake."

Ta ce, "Na tambaye ka?"

Ba ta tashi ba. Ni ma ban tashi ba. Muka zauna, bango a tsakaninmu, muna sauraron abin da babu.

Kada ki ɗauka na ce ki je wurin Badaru. Kamfanin bai daina zama abin da yake ba, taki kuma bai sauko ba. Na gaji, Nasiha. Na gaji da biyan mutanen da ba sa jin kunya, na gaji da zama da masu jin ta fiye da kima.

A gaida yara.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi


Farin Dutse
20 ga Yuni

Nasiha,

Assalamu alaikum.

Innarku ta ce in kai farar tunkiyarta kasuwa, wai ta cika ɓarna. Kin san tunkiyar nan, ko ƙofa aka bari a buɗe ba ta fita. Na so in ƙi. Sai na ga in na ƙi, dole ta faɗi dalili, ita kuwa ba za ta iya ba. Na kai.

Kuɗin suna hannun Yunusa, na ɗora da rabin na taki. Ki kai wa Badaru, ƙaramin tsarin, iya watannin da suka kai. Ya canza lambobin. Samarin zan gaya musu gaskiya da bakina.

Ki ce wa Zulkifli kada ya nemi a kira ta, kada ya ce a gaishe ta. Ya ɗaga murya kawai. Ya faɗi abin da ya ci, da yadda ya kwana. In tarin ya tafi, ya faɗa sau biyu.

Na matsar da teburin jikin taga. Na kuma sa an kafa rumfar zana a bayanta, na ce mata don kaji ne. Ta ce kajin sun gode.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinki,
Ɗan'azumi Buba