Kujerar Direba Ta Matso Gaba

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau ma na makara. Na tashi daga aiki a gidan burodi sha ɗaya, na bi lungunan da mijina Clive ya koya mini don kauce wa titunan biyan kuɗi, ban isa asibiti ba sai da aka kwashe kwanuka. Bai ci ko loma ba. Tunda ɓarin jikinsa ya shanye, daga hannuna kawai yake karɓar abinci. Likita ta ce in Juma'a ta zo a haka, robar abinci za su zura masa ta hanci. Na yi kuka a mota, kukan haushi.

Talata, 4 ga Fabrairu

Na karɓo 'yar na'urar nan ta biyan kuɗin hanya, wadda ake mannawa a gilashin mota. Shekara da shekaru mijina yana tinƙaho bai taɓa biyan ko sisi don ya taka kwalta a Sydney ba. "Merle, titi na kowa ne." To, titi na kowa ne, hancin kuwa naka ne, tsoho.

Ba zan gaya masa ba.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Kai, yau na sha kunya! Na liƙa ta a gilashin gaba da salatif, cikin ledarta mai ƙyalli, don kada ranar nan ta dafa ta. Na hau babban titi. An ce in na bi ta ƙarƙashin ƙarfen nan mai kyamarori za ta yi ƙara. Shiru. Na biyu ma shiru. Na ce shi ke nan, an ɗau hotona, na zama ɓarauniya da furfurata. Na sauka a mafita ta farko, na ɓace a wata unguwa da ban taɓa gani ba. Cokali biyu ya ci, shi ma da roƙon nas.

Da yamma Stavroula maƙwabciyata ta leƙa motar, ta yi dariya har da dafa shinge. "Haba Merle! Ledar nan ai don ta toshe mata baki aka yi ta, kada ta yi ta biyan kuɗi tun tana cikin motar 'yan kai kaya. Ke kuma kin sa mata rigar rana!" Na ce ta tafi ta ji da tumatirinta.

Amma na cire. Na goge gilashin bayan madubi, na manna mariƙin da aka haɗo ta da shi, na danna da babban yatsa har ya yi fari. Ta shige ƙas.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

TIT!

Ta yi! Sau ɗaya tak, 'yar siririyar ƙara, na ƙwala ihu ni kaɗai har mai babbar motar da ke gefena ya waigo. Na shiga hanyar ƙarƙashin ƙasa da nake tsoro tun da aka haƙa ta, na fito da raina. Na riga mai tura abinci shiga ɗakin. Clive ya cinye dankalin tas, da kifin, har ya nuna kwanon kastad da haɓa. Ya dubi agogo, ya dube ni. Na ce yau hanya ba cunkoso.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Ba roba! Likita da bakinta. Na saya wa Stavroula kek, na ce kada ta sake ta yi magana.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

An sallame shi. Na yi niyyar ɓoye na'urar a jaka mu bi lungu, na manta, na hau babban titi. Ko dai ban manta ba, oho.

Tit. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon bayan madubi. Bakinsa har yanzu da nauyi, sai da ya yi kokawa da kalmar. "Tun... yaushe?"

"Tun ranar dankali."

Muka fito daga hanyar ƙarƙashin ƙasan. Can ya ɗora hannunsa mai lafiya a gwiwata, ya ce in shiga layin dama, ya fi gudu.

Kujerar direba dai na matso da ita gaba sosai, ƙafafuna gajeru. Da muka iso gida na kai hannu zan mayar masa da ita baya kamar kullum. Sai na ga kayan da ke but suna da yawa, na tafi ɗauka.