Dabarar Da Ake Kira Da Sunana Ita Ta Ɓata Tafki

Assalamu alaikum Malam Amadu. Don Allah ka agaza mini da shawara, don maganar nan ba ta bakin masallaci ba ce.

Ni tsohon malamin gona ne. Na yi karatu a Zariya lokacin da karatu yake karatu. Shekara talatin da biyar ina bisa babur tsakanin Daura, Baure da Kongolam. Na ajiye aiki shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, ko takardar godiya ba a ba ni ba. Rahotannin da na rubuta, na tabbata ƙosai aka ƙunsa da su. Amma alhamdu lillahi, ina da lafiya, rumbuna ba ya rabo da gero, 'ya'yana suna ganin girmana.

Abu ɗaya ya rage da sunana. Ni na koya wa manoman yankinmu cewa da hadari ya haɗo su yi maza su watsa takin zamani, ruwa ya shigar musu da shi ƙasa. Haka aka koya mana, ko kuwa haka na fahimta. Har yau "watsin Malam" ake ce masa. In na ji wanda bai ma san ni ba ya ambata, wallahi daɗi nake ji.

To 'yata Mardiyya ita ta gaje ni, ta wuce ni. Digiri na uku take yi a kan ingancin ruwa. Damina biyu tana zuwa da kwalabe tana ɗibar ruwan tafkin garinmu da na kwazazzaban da ke zuba cikinsa. Ni da kaina na riƙa nuna mata hanyoyin ruwa, ina taƙama. Tafkin nan a da har ƙasansa ake gani. Yanzu gansakuka ta rufe shi, yana wari, kifi ya ƙare, makiyaya na kukan shanunsu na zawo. Mu bola muke ɗora wa laifi. Ita ta ce bola da kashin dabbobi suna da nasu kason, amma babban ɗin takinmu ne. Ruwa mai ƙarfi wanke taki yake yi ya gangara da shi tafki, ya ciyar da gansakuka maimakon gero. Kuma kwalbar da ta fi muni, a gangaren gonata ta ɗebo ta.

A durƙushe ta faɗa mini. Na karɓi takardun bincikenta na duba, na iya karatunsu, babu ƙarya ciki. Yanzu dagaci ya sa taro bayan sallar Juma'a, kafin shuka. Mardiyya ta ce manoma ba za su saurare ta ba, za su ce ai Malam ne ya koya musu. Tana so ni in tashi in janye maganata, in koya musu binne taki a gindin shuka. Ban ce mata e ba, ban ce a'a ba. Gwamnati ta manta da ni, sai kuma in goge sunana da hannuna?

Tsohon Malamin Gona, daga ƙasar Daura

Wa alaikumus salam, Baba.

Ciwon da kake ji na gaskiya ne. Ka yi aiki da ilimin zamaninka da zuciya ɗaya, ba ka cuci kowa da gangan ba, kuma ba a saka maka yadda ya dace ba. Sai dai tafkin ba na gwamnatin da ta manta da kai ba ne. Na maƙwabtanka ne da dabbobinsu. Ka ce ka duba takardun babu ƙarya, to daga wannan ranar, shirunka ya fara zama nauyi a kanka.

Mardiyya ma tana da abin gyara. Kada ta ambaci gonar kowa a taron, har da taka. In za a faɗa, kai za ka faɗa.

Ka je taron da fartanya. Kada ka tsawaita ban haƙuri. Ka ce a da kun san abu kaza, yau an gano wanda ya fi, kuma 'yarka ce ta gano. Sai ka tona rami ka nuna musu. Za su ce binnewa ta fi wahala, kuma gaskiyarsu ce. Ka amsa musu da cewa takin da ke tafiya tafki nasu ne, geronsu aka hana. A gonarka ka bar ciyawa ta tsaya a bakin gangare don ta tare takin da ruwa ke wankewa, su gani da idonsu kafin kaka. Wasu za su yi maka ba'a, ka bar su.

Kafin komai, ka kira Mardiyya cikin makon nan ka ba ta amsa. Ba abu ne mai sauƙi ba 'ya ta durƙusa ta gaya wa mahaifinta ya yi kuskure, kuma ita ba ta ɓoye maka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi mata albarka, ya ba ku damina mai albarka.

Malam Amadu