Ɗan Ƙarfen da Ke Cikin Idona

Zuwa ga Mai Girma Mudir, shugaban asibitin da aka yi mini hoto a Khartum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ni ne Usman, mai walda a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, mazaunin Dar Salam a Omdurman. Maƙwabta sun ce in rufa wa kaina asiri in yi shiru, tunda yanzu kowane ofis akwai mai kaki a ciki. Na kasa.

Na farko. Ciwon baya ne ya kawo ni wurinku. Likita bai ko taɓa ni ba, ya rubuta mini hoton ranin, wato babban injin nan mai maganaɗisu da ake tura mutum ciki. Na tambaya ko ashi'a ta gama-gari, hoton ƙashi mai arha, ba za ta isa a fara da ita ba. Ya ce wannan aikin da ne. Awarwaron matata muka sayar.

Na biyu. A bakin ƙofa ma'aikaci ya tambaye ni ko akwai ƙarfe a jikina. Na cire agogo da makulli, na ce babu. Wallahi ban yi ƙarya ba. Mu masu walda tartsatsi na faɗa mana a ido kullum, mu wanke da ruwa, mu koma aiki. Wa ke kiran wannan ƙarfe a jiki? Da ya tambayi sana'ata, da ya gane. Bai tambaya ba.

Suna tura ni ciki na ji kamar an soka mini allura a idon hagu. Maganaɗisun ya motsa wani ɗan ƙarfe da ya shekara nawa yana kwance bai dame ni ba. Idon ya tafi. Daga baya wani tsohon likita a Omdurman ya yi wa idon ashi'ar nan da kuka raina, ga ƙarfen fari fat a jikin fim. Ya ce da ita ake farawa ga irinmu. Kuɗinta bai kai cefanen kwana uku ba. Ranar na yi kuka, ban ji kunya ba.

Ba diyya nake nema ba, ranka ya daɗe. Abu biyu ne. A riƙa tambayar mutum sana'arsa. Kuma duk mai walda ko mai wasa ƙarfe a yi wa idonsa ƙaramin hoton kafin babban.

Ina gaggawa ne saboda ƙanena Bashir. Benci ɗaya muka yi aiki da shi tun muna samari, shi ma bayansa ya kama. Likitanku ya rubuta masa ranin, takardar na aljihunsa. Na roƙe shi, ya ce ni ba likita ba ne. Maganarka zai ji, ba tawa ba.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya bar maka idanunka biyu. Ka yi haƙuri da karkacewar rubutun, har yanzu ban saba ba.

Wassalam,
Usman mai walda