Baƙin Kifin Baba

Howrah, 9 ga Yuli

Zuwa ga yayata Didi Kaberi,

Bayan gaisuwa mai yawa da taɓa ƙafafunki don girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da mijinki Jamaibabu da yara. Yaya ruwan sama a Guwahati? Mu nan ya hana ko tsumma bushewa. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa a wannan zamani. Duk sanda kika kira waya mahaifiyarmu Ma tana tsaye a kaina, ba abin da zan iya ce miki sai lafiya lau.

To, ba lafiya lau ba ne. Baba yana zuwa wankin ƙoda kamar yadda kika sani, amma ƙafafunsa sun ƙara kumbura, abinci kuma sai an yi ta lallashi. Ana cikin haka sai ga Mashi Putul, ƙanwar Ma, wadda ba ta taɓa shigowa gidan nan da ko ayaba ɗaya ba sai shawara. Ta ja Ma wajen wani mai duban taurari. Mutumin ya ce a ajiye akwatin gilashi a kusurwar arewa maso gabas, a zuba kifi tara, takwas masu ruwan zinare, ɗaya baƙi. Wai duk masifar da ta nufo maigidan kifi ne zai tare ta, wanda ya mutu ya tafi da ita ke nan. Baƙin kuwa shi ke ɗaukar babbar.

Kin san ni da bakina, na yi niyyar musu. Amma na kalli idon Ma na haɗiye. Ranar Lahadi na tashi daga kantin magani na wuce kasuwar kifi, na dawo da akwati da tsakuwa da ɗan inji mai tace ruwa. Muka cika da ruwan famfo, muka juye kifayen a take. Didi, abin ya yi kyau. Baba ya sa aka juya gadonsa ya fuskanci gilashin, ya raɗa wa kowanne suna. Baƙin ya kira shi Lauya, saboda jelarsa tana bazuwa kamar rigar lauyoyin kotun da ya yi wa aiki.

Ba a yi mako ba ruwan ya yi fari kamar na wankin shinkafa. Kifayen suka taso sama suna buɗe baki, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ni abin ya tayar mini da hankali, Ma kuwa murna take yi. Ta naɗe gawar a ganye da fure ta kai kogi, ta dawo fuskarta a sake, ta aike ni in sayo madadi. Na sayo, su ma suka bi.

Jiya da Ma ta fita Baba ya kama hannuna ya ce, “Jhuma, ni da na cinye rabin kifin kogin Ganga, yanzu kuma sai in kwanta suna mutuwa saboda ni? Waɗancan ko ba komai na ji daɗinsu. Waɗannan fa me suka yi mini?” Dariya yake yi, amma idonsa ya kawo ruwa. Ya sa na yi masa alkawarin ba wanda zai ƙara mutuwa, ni kuwa na yi ba tare da na san yadda zan cika ba.

Ki gaishe da Jamaibabu, ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Jhuma

Howrah, 2 ga Agusta

Didi tawa,

Ina gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Amsarki ta zo, na karanta ta a banɗaki kamar ɓarauniya. Kin ce in bi Ma a hankali. Daga Guwahati faɗar haka ba wuya.

Kin tuna Kaku Haren na bayan layinmu, tsohon nan mai kiwon kifi a saman rufin gidansa? Ya zo sayen maganin hawan jini na ba shi labari. Ya dafe kai ya ce mu ne muke kashe su. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama guba a ruwa. Akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye gubar, kuma a cikin soson injin suke zama. Sabon akwati ba shi da su, sai an bar shi ba kifi na makonni har su hayayyafa. Shi ya ce wa abin “sai ruwa ya nuna”, kamar wani mangwaro. Ya ce maganin da ake zuba wa ruwan famfo ma kashe su yake yi, dole a bar ruwan ya kwana a bokiti.

Na kwashe waɗanda suka rage, har da Lauya da ya ƙi mutuwa tun farko, na kai su rufin Kaku. Shi kuma ya ba ni wani tsohon soso mai datti daga akwatinsa, na riƙo shi a leda kamar na ɗauko gwal. Ranar an yi tashin hankali a gidan nan. Ma ta ce na cire maigadi na bar ƙofa a buɗe. Baba, wanda tun muna yara ba mu taɓa jin ya ɗaga mata murya ba, ya ce a bar yarinya ta yi aikinta. Ma ta shige kicin, ranar har tukwane sun ji a jikinsu.

Yanzu kullum da safe ina barbaɗa ɗan abincin kifi a ruwan da ba kifi, ya ruɓe, halittun su samu na ci. Sannan in ɗebi ruwa a ’yar kwalba in ɗiga maganin gwaji in ga launi. Da farko kore yake fitowa shar, alamar guba ta yi yawa. Yanzu koren ya fara ja da baya, gwaji na biyu kuma ya koma shunayya, Kaku ya ce haka ake so, wata gubar ce ta maye gurbin ta farko, ita ma za ta wuce. In an ɗauke wuta sai in tsaya ina kwarara ruwa a kan soson da kofi don kada su mutu. Mashi Putul ta same ni a haka ta ce, “Oho, wannan ’yar da ta ƙi aure, ashe ruwa take reno!”

Shekaranjiya na tarar da Ma ta ciro soson za ta wanke da sabulu, wai ƙazanta ce. Na fizge da ƙarfi har ta yi tangal-tangal. Na ji kunyar abin da na yi, har yanzu ina ji.

Baba shi ke riƙe mini kwalbar a hasken taga. Ya ce ashe shi ma sosonsa ne ya mutu, in tambayi Kaku ko yana da tsoho ya ara masa. Na yi dariya, na fita baranda na yi kuka.

Taki,
Jhuma

Howrah, 11 ga Satumba

Zuwa ga Didi Kaberi,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ki yafe mini jinkirin. Na san Ma ta gaya miki a waya an kwantar da Baba a asibiti. Ga abin da ba ta gaya miki ba.

Ruwan ya nuna. Wata safiya gwaji biyun suka fito tas, rawaya da shuɗi mai haske, na ruga na nuna wa Baba kamar na ci jarrabawa. Na riƙa dawo da kifayen biyu-biyu yadda Kaku ya ce, na ƙaro wasu har suka cika tara. Ruwa garau, suna ta wasa a cikin ciyayi. Ba wanda ya mutu. Baba ya samu kwanaki masu daɗi, Didi, ina so ki san wannan. Shi ke ba su abinci, yana yi wa Lauya tsiya wai ya cika cin hanci.

Sai zazzaɓi ya kama shi. Wurin da ake sa masa allurar wankin ƙoda ne ya harbu, abin ya shiga jini. Likita ya yi mini bayani, na gane, aikina ne sayar da irin magungunan nan. Amma je ki gaya wa Ma.

Kullum da sassafe kafin mu tafi asibiti sai ta tsaya gaban gilashin tana ƙirgawa da yatsa. Ta kai tara, ta sake farawa. Da farko ta daina yi mini magana, sai dai in ga shinkafata a rufe a ƙasa. Ni ma na ɗau zafi, na ce ba zan kashe dabba saboda maganar wani mai zanen taurari ba. Ta ce, “Ke mai ilimi, kin toshe hanyar da masifa ke fita. To yanzu ina kike so ta bi?”

Faɗan bai dame ni ba kamar abin da ya faru yau. Ina shirin fita ta durƙusa ta kama ƙafafuna. Ma fa, Didi, wadda mu ne ke taɓa nata. Ta ce ba duka take roƙo ba, baƙin kaɗai. In cire shi in ajiye a faranti, ita ba za ta iya da hannunta ba tunda Baba ya hana ta. Na ɗaga ta, ban ce eh ba, ban ce a’a ba.

A asibiti kuwa abin da Baba ke fara tambaya shi ne Lauya. In na ce yana nan ƙalau sai ya yi murmushi, Ma da ke ɗaya gefen gadon ta sunkuyar da kai. Tsoro nake ji. In wani abu ya samu Baba kifin nan yana raye, na rasa uwa ni ma, ko da muna kwana ɗaki ɗaya.

Ki yi mana addu’a.

Jhuma

Howrah, 16 ga Satumba

Didi,

Ina gaisuwa, ina fatan yara suna lafiya. Wannan ta hannun yaron jirgin ƙasa zan aiko don ta riga gidan waya.

Na yi dabara, kuma dabarar ta ci ni. Ma tana wanka na kamo Lauya a kwalba na kai wa Kaku. Na naɗe ɗan dutse a ganye da fure, na ce mata na same shi a mace. Ba ta ko buɗe ba. Ta rungume ni, ta kira sunana, ta ce dama ta san ni ’yar albarka ce. Mu biyu muka kai ƙunshin kogi. A hanya ta sayi alawar madara ta raba wa masu bara a ƙofar ɗakin bauta.

Niyyata in riga ta shiga wajen Baba in raɗa masa gaskiya. Sai aka tsayar da ni karɓo magani a ƙasa. Ina hawowa na tarar tana riƙe da hannunsa tana yi masa albishir, wai baƙin ya tafi da ciwon, ya kwantar da hankalinsa. Baba bai ko dube ta ba. Ni ya kalla, ya ce, “Jhuma, ke ma?” Ya juya fuskarsa bango.

Na zauna ina jira ta fita ko da shan ruwa ne. Ba ta motsa ba, murna ta hana ta. Lokacin ziyara ya ƙare aka kore mu. Washegari muka tarar an mayar da shi ɗakin masu tsanani, bai san wanda ke kansa ba. Mutum ɗaya ake bari ya shiga. Na shiga na sa bakina a kunnensa na ce Lauya yana raye, yana rufin Kaku yana cin abinci, ban karya alkawari ba. Na faɗa na maimaita. Ko gira bai ɗaga ba, ban sani ba ko ya ji.

Likita ya kira ni gefe ya ce a sanar da na nesa. Ma kuwa tana zaune a benci hankalinta kwance, tana gaya wa matan da ke wurin mijinta ya kusa tashi, an riga an biya. Har ta ce in wanke masa farar rigarsa ta komawa gida. Na wanke, na goge.

Ki zo, Didi. Ki bar yaran wajen surukarki ki hau jirgin da kika fara samu. In abin da likita ke tsoro ya faru, Ma za ta juyo ta tambaye ni yaya aka yi, ba kifin ya mutu ba? Ba zan iya tsayawa gabanta ni kaɗai ba.

Ƙanwarki,
Jhuma