Tsagar Ɗakin Baffa

Asabar, 16 ga Nuwamba, 1974

Mun tare! Alhamdu lillahi, mun tare! Ɗaki biyu na bulo da siminti, rufin kwano, fenti shuɗi. Ni Sunusi, malamin aji uku, wanda aka haifa a ɗakin laka! Tun da aka tashe mu saboda ruwan madatsar Tiga muke raɓe a rumfar zana. Kowa a sabon garin nan laka ya sake ginawa, ni kaɗai na ce a'a, na kai diyyarmu wurin ɗan kwangila, Alhaji Ɗanasabe.

Ba ma ginin ne ya fi burge ni ba, takardar ce. Garanti suke kiranta, har da hatimi. Wata shida cur, zuwa 16 ga Mayu, duk abin da ya lalace ta laifin magini su za su gyara. Sharaɗi guda ne: kada kowa ya taɓa wurin kafin su gani. Na karanta wa Safara'u sau uku, ta ce ita matata ce ba ɗalibata ba, in bar ta ta jera kwanukanta.

Baffa ya zagaye gidan sau biyu. Shi ne yayan mahaifina, shi ya riƙe ni tun da Baba ya rasu, kuma magini ne. Rabin ɗakunan tsohon gari daga hannunsa suka fito, yanzu kifi ke yawo a cikinsu. Ya ɗora tafinsa a bango ya daɗe, sannan ya ce, "Yana da kyau. Amma ba ya numfashi." Tsufa ke nan.

Wani buhu ne ya hana kowa ɗauka, shi da kansa ya ja shi ya cusa ƙarƙashin gado. Irin gero ne na tsohuwar gona, ina jin.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Mutum goma sha ɗaya suka zo kallon gida. Na ƙirga.

Talata, 10 ga Disamba

Safara'u ta yi daka a bakin ƙofa, turmi ya fasa leɓen simintin. Murna na yi, wallahi! Na hau keke sai wurin Malam Rufa'i, mai duba wa Alhaji aiki, da takardata a aljihu.

Ya zo a babur, ya tsuguna, ya yi dariya. Wai wannan tsufan yau da gobe ne, namu ne. Ya lissafa mini: fenti ya koɗe, namu. Hayaƙi ya baƙanta bango, namu. Ƙyaure ya fara kuka, namu. Taɓarya ta ci daɓe, namu. Na ce to nasu fa? Ya zare fensir daga bayan kunnensa. "Malam Sunusi, duk bango yana 'yar tsaga, kamar yadda duk ƙafa take faso. In fensir bai shiga ba, tsufa ne. In ya shiga, laifinmu ne, za mu rushe mu sake."

Ilimi! Na rubuta a bayan takardar don kada in manta.

Laraba, 1 ga Janairu, 1975

Baffa ba shi da abin yi. Maƙwabta sun gama gininsu. Da safe sai ya fito ya shafa bango, ya koma ya zauna. Yau na kama shi da ruwa a ƙwarya zai jiƙa ƙasa, wai gindin bangon gabas yana son dakali. Na ce, "Baffa, don Allah. Takarda ta hana." Ya ce, "Gidan wa ne, naka ko na takarda?" Na yi dariya, shi bai yi ba.

Alhamis, 20 ga Maris

TSAGA! A ɗakin Baffa, bangon gabas, daga kusurwar taga ta gangara ƙasa. Siririya ce, tsinken tsintsiya ma da ƙyar. Amma tsaga ce!

Litinin, 24 ga Maris

Na ware fensir guda, sabo, na fere shi. Kullum bayan asuba nakan je in gwada, ciki da waje. Bai shiga ba tukuna. Saura kwana hamsin da uku.

Safara'u ta ce tunda take ba ta taɓa ganin maigidan da ke yi wa tsagar gidansa addu'ar girma ba. Mata ba sa gane harkar takarda.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Tsinken ashana ya shige har kai! Na fita tsakar gida ina tsalle kamar na ci jarrabawa.

Bayan masallaci Baffa ya kira ni. Ya ce wurin nan tsohon gidan gara ne, ya gani tun ana haƙa tushe, ya faɗa wa leburori suka ce tsoho ya matsa. Ya ce ƙasa ce take zama, in ruwan farko ya samu bakin nan a buɗe, cikin tushen zai bi. "A garinmu, Sunusi, wanda hadari ya tarar da tsaga a bangonsa ba a ba shi aure. Ni Mudi magini, a ce ɗakin da nake kwana a tsage yake, mutane suna wucewa suna gani?"

Na ce ya yi haƙuri, in suka zo sabon bango za su yi mana sak. Ya ce, "To, ka mai da ni mai gadin tsaga."

Asabar, 12 ga Afrilu

Wasiƙa daga Doguwa, daga Balaraba, 'yar Baffa. Wai mijinta zai ɗaga ɗakuna biyu kafin damina, ko Baffa zai zo ya tsaya musu, in ya so ma ya zauna gaba ɗaya. Ni na karanta masa. Na yi saurin wuce layin ƙarshen, ya ce in maimaita.

Ba zai je ba. Ina zai je ya bar gidan siminti?

Litinin, 21 ga Afrilu

Bakin fensir ya kama, jikin ya ƙi. Kaɗan ya rage, kaɗan! Zafi ya yi yawa, kwanon nan da rana sai ka ce murhu aka kife mana. Ba zan faɗa wa kowa ba.

Litinin, 28 ga Afrilu

Akwai wani wari bayan gida. Na leƙa, Baffa ne ya haƙa rami ya kwaɓa ƙasa da ciyawa da kashin doki, ya rufe da tsohuwar tabarma tana ruɓa. Ga kuma makuba a tukunya, ɓawon ɗorawar nan da suke jiƙawa don yaɓe kada ruwa ya ci shi. Na ce na mene ne? Ya ce na akurkin kaji. Kaji biyu gare mu, kuma a bishiya suke kwana.

Litinin, 5 ga Mayu

YA SHIGA! Ya shiga har rabi! Na bar shi a soke na kira Safara'u ta zama shaida. Ko karin kumallo ban yi ba na taka keke sai wurin Malam Rufa'i. Ya ce yana Kiru da wani aiki duk makon nan, amma Talata mai zuwa, sha uku ga wata, zai zo da kansa. Kwana uku kafin takarda ta mutu. Allah mai iko!

A hanyar dawowa waƙa nake, har wata mai tallan nono ta tsaya tana kallona.

Kwana takwas kawai. Allah ka riƙe mana ruwa.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ban san ta ina zan fara ba.

Ina aji wajen azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin in sallami yara in iso gida an fara yayyafi. Na tarar da Baffa a kan turmi, rigarsa a ɗaure a ƙugu, hannuwansa jawur har gwiwar hannu. Ya cike tsagar. Daga taga har ƙasa, ciki da waje, ya shafe ta sumul, har da zanen yatsu irin wanda yake yi a bangon amare. Jan layi a kan shuɗin fentina.

Kuma yana murmushi! Rabon da in ga haƙoransa tun kafin mu taso. Ya ce, "Na riga shi, Sunusi. Da ƙyar na riga shi."

Na yi magana. Na ce wata shida nake jira ya ɓata mini a sa'a guda. Na ce wannan ba kangon laka ba ne. Na ce ba shi ya gina gidan nan ba, ba ruwansa da shi.

Ya sauko daga turmin a hankali. Ya wanke hannu a ruwan da ke zuba daga kwano. Ya ce, "Gaskiya ne."

An kwana biyu ba a yi ruwa irin na yau ba. Ko ɗigo bai shiga ɗakin ba, amma ba wannan ake magana ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Ya aika wa Balaraba. Motar Doguwa ta Laraba zai bi. Ya ɗaure kayansa, ƙullin bai fi a ɗauka da hannu ɗaya ba. Muna gaisawa, shi ke nan.

Akwai dabara: in na kankare yaɓen da wuƙa na wanke wurin tas, Malam Rufa'i ba zai gane ba. Fensir zai shiga. In an yi sabon bango ai zai huce.

Litinin, 12 ga Mayu

Da Baffa ya tafi masallaci la'asar na ɗauko wuƙa. Yaɓen ya kama kamar dutse. Na kankaro kamar tsawon yatsa, garin ya zubo a tafina, sai na tsaya. Ƙasar sabon garin nan fara ce, yashi-yashi. Wannan ja ce.

Safara'u na tsaye a bakin ƙofa. Ta ce, "Malam, sai yau ka lura? Leƙa ƙarƙashin gado."

Buhun nan ne, ya koma rabi. Ba gero a ciki. Tubali ne, irin mulmulallen nan na da, guda huɗu suka rage. Ta ce ranar da za mu taso, ina can ina rubuta wa mutane sunayensu a layin mota, Baffa ya koma shi kaɗai ya ɓalle su daga bangon ɗakin Baba. Ɗakin da aka haife ni. Shi ya gina wa ƙanensa ɗakin lokacin da zai yi aure. Ta ce shekara guda da rabi yana ajiye da su, ya ce ba zai jiƙa su ba sai ya ga gidan da zai mutu a ciki.

Na ce me ya sa ba wanda ya faɗa mini? Ta ce, "Kai da ba ka jin kowa sai fensir."

Na daɗe a zaune a kan gadonsa da garin ƙasar a hannuna. Na rasa inda zan zubar da shi. Na yi kuka, tunda ba mai karanta wannan sai ni.

Talata, 13 ga Mayu

Malam Rufa'i ya zo da hantsi, fensir a bayan kunne. Baffa na zaune a tabarma kusa da ƙullinsa, bai ɗago ba.

Malam Rufa'i ya ga jan layin ya ce, "Subhanallahi! Wa ya taɓa?"

Na ce, "Maginin gidan nan ne."

Ya ce ai na san sharaɗi. Ya rage murya, ya ce shi ba mugu ba ne, in na kankare kafin Juma'a zai dawo kamar bai taɓa gani ba. Mutumin kirki ne, wallahi. Na ce a bar shi. Ya ce in gane fa, in ya rubuta an taɓa, ko bangon nan ya faɗi gobe babu ruwan Alhaji. Na ce na gane, ni na karanta wa kowa takardar.

Ya rubuta, na sa hannu. Kafin ya hau babur ya koma ya ƙwanƙwasa yaɓen da ɗan yatsa, ya juya wajen Baffa ya ce, "Baba, me ka zuba a ciki haka?" Baffa ya ce, "Ƙasa."

Da ya tafi na durƙusa gaban Baffa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Wani ya sa wuƙa a aikina." Na ce ni ne. Ya ce, "Na sani. Ko kankarar ma ba ka iya ba."

Laraba, 14 ga Mayu

Motar Doguwa ta yi ta hon a bakin hanya. Baffa yana bayan gida yana auna gindin bangon gabas da taku. Ya ce in je in ce wa direba ya gaya wa Balaraba sai bayan damina, yanzu aiki ya riƙe shi.

Gudu na yi, ba takalmi. Malamin makaranta guda!

Juma'a, 16 ga Mayu

Yau takarda ta mutu. Sai da yamma na tuna.

Lahadi, 25 ga Mayu

Mun gama dakalin gindin bango, mun ja magudana ta kai ruwa can nesa da tushe. Ni ne mai taka laka. Baffa ya ce ina takawa kamar mai tsoron a ga ƙafarsa, kuma duk wanda ya ba ni aji uku ya cuci yara. Maƙwabta sun dawo kallon gida, amma yanzu jan layin suke zuwa gani, har mutum biyu sun ce Baffa ya zo ya duba nasu. Bakinsa bai rufu ba tun safe.

Har yanzu ina nan a kan bakana, siminti ya fi laka, kada wani ya ce na canja. Bangon ma ban san ko zai kai baɗi ba. Baffa ya ce zai kai, in ana kula da shi duk shekara. Na ce wa zai kula? Ya ce, "Ni, sannan kai." Tubali huɗun nan ya mai da su ƙarƙashin gado, ya ce na gaba ne.

Da safen nan na ga wata 'yar tsaga a ɗakinmu, sama da ƙofa, siririya kamar gashi. Fensir yana aljihuna.

Ban ciro shi ba. Baffa na je na kira.