Ƙofar da Ban Nuna wa Alƙali Ba

Den Haag, Litinin

Nienke tawa,

Gaisuwa mai yawa da kewa. Ya jikin Mama? Ke fa, kina samun runtsawa a kujerar asibitin nan? Da biro nake rubuto miki, don lauyata ta hana ni taɓa imel sai an gama shari'a.

Zama ya gagare ni. Na share ɗaki, na ɗauki keke cikin ruwa, na dawo ban san inda na je ba. Kin san manhajar da na rubuta wa ungozomomi, mai buɗe takardun masu ciki. Irin takardun nan ana iya ɓoye umarni a cikinsu, da an buɗe sai kwamfuta ta kwashi sirrin mutane ta aika waje. Na yi wa wannan makulli. Kamfanin da ya maka ni kotu ya ce dabarar tasa ce, ya yi mata rajista.

Ba iri ɗaya ba ne, Nienke. Nawa yana rufe wata ƙofa ta biyu da ba su san da ita ba, tana nan hangame a duk asibitin da ke aiki da manhajarsu. In na nuna ta a kotu na ci shari'a, ɓarayi kuma sun ji. Lauyata ta ce, "Wiebe, waliyyi ne kai ko mai neman abinci? Buɗe baki ka ceci kanka!" Gaba kura, baya sayaki. Tsoro nake ji.

Mijinki,
Wiebe

Den Haag, Alhamis

Nienke,

Ina fata Mama ta samu sauƙi, ke ma kina lafiya.

Alƙali ya tambaye ni bambancin makullina da na kamfanin, ya sake tambaya. Na waiga na ga 'yan jarida da wayoyinsu, na ce ba ni da ta cewa. An kayar da ni. Dole in janye manhajar, sana'ata ta mutu ke nan. Ki yafe ni, na yanke ban shawarce ki ba.

A bakin ƙofar kotu na tare injiniyan kamfanin, wani dogo mai suna Ruud, na zana masa ƙofar nan ta biyu a bayan ambulan ɗin wasiƙa. Ya duba zanen. Ya ce, "Kai, kanka ɗaya kuwa? Ka san lauyoyinmu za su yi wa wannan ma rajista da sunanmu?"

Na ce, "Ku yi. Amma ku fara toshe ta."

Ki gaishe da Mama. Gobe ina tafe a jirgin safe, hannu rabbana.

Naki har kullum,
Wiebe